Idan manomin Gedambaliya ya rasu, wa ke riƙe da labarinsa?

Mu Hausawa gwanaye ne a zaman makoki. Tabarma ba ta yin kaɗan, abinci na fitowa daga gidajen maƙwabta ba a roƙa ba, na nesa ya yi tattaki ya zo ya ce "ya aka ji da haƙuri", a amsa masa da godiya ga Allah. Inda muka gaza shi ne ajiye labarin mamacin. A kwana uku ana zaune, abin da za ka ji a kan mutum bai wuce kalma biyu ba: mutumin kirki ne, ba ya wasa da jam'i. Shaida ce mai kyau, kowa na fatan a yi masa irinta. Amma shekara tamanin ba ta shiga cikin kalma biyu, kuma akwai wuraren da wannan taƙaitawa take jawo wa na baya asarar da ta wuce ta labari. Ɗaya daga cikinsu shi ne karkarar Gadarif, a gabashin Sudan, inda 'yan'uwanmu suka daɗe suna noma, suna binne iyayensu, ana kuma ci gaba da tambayarsu daga ina suka zo.

Ba zan kama suna ba, domin dattijon da nake nufi yana cikin gidaje da yawa. An haife shi wajajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A gida Hausa yake yi, a kasuwa Larabci. Kakansa ya baro Kano ko Sakkwato ko Damagaram da ƙafa, da niyyar sauke farali, ya yi ta yada zango yana ƙwadago don guzurin gaba, har zangon ƙarshe ya zama gari. Shi jikan ya tashi da fartanya a kafaɗa. Yana kuma da ganga ko garaya da ya gada ko ya koya a wurin wani kawu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar, ya ga jikoki. Wannan zuriya ce take ƙarewa yanzu, ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina muna sallamarta da rowa.

Duk wanda ya buɗe littafi a kan noman Sudan zai ci karo da sunan Gedambaliya. Nan ne aka fara noman damina da injuna a ƙasar. Turawan Ingila ne suka ɓullo da shi a 1944, ba don ƙaunar talaka ba, don su sami dawar ciyar da sojojinsu da ke gabashin Afirka. Ƙasar wurin baƙar laka ce shimfiɗaɗɗiya, iya ganinka, irin firgin da mutanen Borno suke dasa masakwa a kai. Da rani ta tsattsage har ƙafa ta faɗa, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. Fartanya ba ta iya cin fili mai yawa a irin wannan ƙasa, tarakta kuwa tana iyawa. Daga 1945 zuwa 1953 gwamnati ce ta riƙe aikin, ana noma kimanin hekta 6,000 a shekara, galibi dawa, ana raba amfani tsakaninta da manoman da aka yanka wa filaye. Da ta ga ɗawainiyar ta yi mata yawa, daga 1954 sai ta buɗe wa masu jari ƙofa. Aka riƙa yanka gonaki masu fadan 1,000 kowace, wato hekta 420, abin da mutanen wurin ke kira mashru'. A 1968 aka kafa hukumar noman injuna, Bankin Duniya ya zuba bashi, aka ci gaba da sare daji. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma kusan duk filin karkara ba shi da rajista. Daga nan aka san wa zai sami mashru': ɗan kasuwa, tsohon hafsan soja, babban ma'aikaci, mutumin da ya san ƙofar ofis da ƙofar banki.

Wannan shi ne tarihin da aka rubuta, kuma gaskiya ne. Amma tarihin tarakta ne. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka injin ne yake yin komai, alhali shekaru da yawa aikin tarakta bai wuce huɗa da shuka ba. Ciyawa hannu ne ke cire ta. Kan dawa hannu ne ke yanke shi, a tara, kafin injin sussuka ya zo. Riɗi kuwa, wanda shi ne ya sa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ta yi suna har ƙasashen waje, ba ya jiran kowa. Idan ya nuna a watan Oktoba, kwanaki kaɗan ne tsakanin girbi da asara, domin da zarar kwanson ya bushe sai ya fashe ya zubar da ƙwayar a ƙasa. Dole a yanke shi da lauje, a ɗaure, a jingine shi tsaye ya bushe, sannan a kakkaɓe. Saboda haka mutane ke yankan riɗi har da farin wata. Masu wannan aiki sun fito daga Darfur da Kurdufan da duwatsun Nuba da kudu da Habasha, da kuma ƙauyukan Hausawa da Barebari da Fulani da ke zagaye. 'Yan ƙwadagon da ke yawo daga gona zuwa gona ana ce musu jango, kuma sai da marubuci Abdul'aziz Baraka Sakin ya yi littafin ƙagaggen labari a kansu, wanda ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009 daga baya kuma gwamnati ta hana sayar da shi, sannan 'yan birni da yawa suka waiwaye su. Rumbunan siminti da Rasha ta gina a Gadarif suna nan tsaye, kowa na ɗaukar su hoto. Wanda ya cika su ba shi da hoto a ko'ina.

Dattijonmu ya yi wannan ƙwadagon da ƙuruciya, amma shi mazauni ne, yana da 'yar gonarsa ta kusa da gari, irin wadda ake kira bildat. A nan ne ainihin iliminsa yake. Ya san lokacin da ruwan Yuli ya jiƙa ƙasa har ta isa shuka, da lokacin da yaudara ce. Ya san wace dawa ce ke jure ƙarancin ruwa, kamar fatarita, da wadda take son a yi mata gata. Ya san cewa idan wuta-wuta, wadda Larabawan wurin ke ce wa buda, ta fara yin furen nan nata mai kyau a cikin dawa, gonar ta gaji ke nan. Ya san jan-baki, tsuntsun da kan sauko garke guda ya share wahalar wata huɗu kafin azahar. Ya san shail, bashin da ɗan kasuwa kan ba manomi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, a biya da buhu ranar girbi a farashin da mai kuɗi ya yanka. Ya ga manyan manoma, masu mashru' da mota, an kulle su a gidan yari saboda bashin banki a shekarar da ruwa ya ɗauke. Ya ga fari na 1984. Ya sha ruwan hafir, tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, tare da awakinsa, domin ƙishirwar Gadarif tsohuwar magana ce. Wataƙila ya binne ɗa ko ƙane da cutar kala'azar ta ɗauke, wadda ta addabi ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad. Duk wannan yana cikin kansa da shekarunsa da sunayen wurarensa, kuma babu ko layi ɗaya a takarda.

Sai batun ganga, wanda a nan ne rowar tamu ta fi fitowa fili. A zaman makoki ba wanda zai ce marigayi makaɗi ne. 'Ya'yansa, musamman waɗanda suka yi karatu, sukan ji nauyi. Idan wani tsoho ya kuskura ya ce "kai, amma fa Malam ya iya garaya", sai a yi gyaran murya a canja magana. Kayan kiɗan kuwa tun kafin rasuwarsa an jefa su bayan rumbu, gara ta gama da su.

Na san daga inda wannan kunya ta fito. Tun a ƙasar Hausa ana ajiye makaɗi da maroƙi a ƙasan tsani, ana jin daɗin waƙarsa ana ƙin ba shi 'ya. Ga kuma zaman baƙunta: mutanen da ake wa kallon almajirai matafiya Makka, waɗanda mutuncinsu a idon maƙwabta ya rataya a kan allo da carbi, ba sa son a san su da kalangu. Ga shi kuma Sudan ɗin kanta ta yi shekaru, daga dokokin Satumba na 1983 zuwa dokar tsarin jama'a da aka soke a 2019, tana hantarar mawaƙa da masu biki. Duk na fahimta. Amma kiɗan da wannan dattijo ya yi ba na roƙo ba ne. Kiɗan aiki ne. Gayya, wadda a Sudan ake kira nafir, ba ta tafiya sai da ganga. Samari su jera a kunya, makaɗi na binsu a baya, yana kiran kowa da sunan ubansa da kakansa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa malalaci habaici har ya ji kunya ya duƙa. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita, a gama ta kafin la'asar. Gonar gwauruwa da ta mara lafiya da ta limamin gari duk haka ake nome su. Wanda ya kaɗa gangar nan ya yi noma kamar yadda mai fartanya ya yi, kuma da yamma shi ma fartanyar zai ɗauka ya nufi tasa gonar.

Mun manta cewa manyan da muke tinƙaho da su daga nan suka fito. Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara, a wurin mahaifinsa, kafin ya zama makaɗin fada. Ɗan Anace, wanda aka fi sani da waƙar 'yan dambe, ya yi wa manoma waƙa. Mamman Shata, da duk ɗaukakarsa, bai rabu da gona ba. Waɗannan sun ci sa'a: rediyo ya ɗauke su, kaset ya yaɗa su har ƙauyukan Gadarif ɗin, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka zauna suka rubuta tarihinsu. A Sudan ma akwai wadda ta tsallake. A'isha Musa Ahmad, wadda aka sani da A'isha Falatiya, haifaffiyar Kassala ce, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo a hanyar hajji. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, a 1942, ta rasu a 1974, kuma yau duk Sudan na alfahari da ita. Amma ita birni ta shiga, aka ɗauki muryarta. Makaɗin gayya na Gedambaliya ba wanda ya taɓa kai masa makirfo.

Abin da ya ɓata tare da shi ya fi daɗin sauti. Waƙar noma rajista ce. A cikinta ake jin wane ne ya fara sare dajin wuri kaza, wane ne ya yi dami dubu har aka kira shi sarkin noma, wace shekara fara ta zo, wane gida ne ya fito daga Haɗeja, wane ne daga Gobir. A cikinta kuma tsohuwar Hausa take ɓuya, kalmomin da jikoki ba sa amfani da su. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya yi littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take rikiɗa tana jingina da Larabci. Ba laifi ba ne harshe ya canja, haka harsuna suke. Amma idan mai tsohuwar waƙar ya tafi, babu sauran ma'aunin da za a gane nisan tafiyar da shi.

Wani zai ce duk wannan son labari ne na 'yan boko, mamaci addu'a yake buƙata. Haka ne, kuma ban ce a rage addu'a ko ɗaya ba. Sai dai a Sudan labarin kaka ba kayan hira ba ne kawai, ya sha zama hujja a gaban hukuma. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar cewa kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ka duba wannan kwanan wata da kyau. Yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a 1903 aka yi shi. Bayan nan ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Aikin audugar Jazira, wanda ya janyo dubban mutanenmu, a 1925 ya kankama. Wato dokar ta rufe ƙofa a fuskar mafi yawan waɗanda guminsu ya gina Jazira da Gadarif, duk da cewa 'yan yammacin Afirka, waɗanda ake kira Takari ko Fallata, sun zauna a Gallabat, a wannan jiha ta Gadarif, tun kafin zamanin Mahadi. An sassauta dokar daga baya, a 1994 aka dawo da sharaɗin zuwa 1956. Amma abin da doka ta shuka a zukata bai mutu ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu. An kashe mutane sama da 100, a watan Oktoba aka sake kashe wasu kusan 200 a yankin Wad al-Mahi. Tun a watan Yulin Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum da Bur Sudan. Maganar da ke ƙarƙashin duk wannan jini ita ce tsohuwar tambaya: ku 'yan nan ne?

Jama'ar da ake yi wa wannan tambaya ba ta da damar yin sakaci da tarihin tsofaffinta. Mai mashru' yana da takardar haya mai hatimi. Mai bildat ba shi da komai sai shaidar mutane: wane ya san wane ya nome wannan wuri tun shekarar kaza, kuma ga waƙar da aka yi masa ranar gayya. Idan muka binne shaidar tare da mai ita, mun taimaka wa masu cewa jiya muka zo.

Game da hukuncin kiɗa, ni ba malami ba ne, kuma malamai sun daɗe da saɓani a kai. Wanda ya ɗauki ra'ayin haramci, ban ce ya kaɗa ba, ban ce ya saurara ba. Amma faɗin cewa mahaifinka ya yi abu kaza ba yarda da abin ba ne, gaskiya ce kawai. Kuma an umarce mu da ambaton alherin mamatanmu. Mutumin da gangarsa ta sa aka nome gonar marayu shekara da shekaru, ban ga yadda za a cire wannan daga lissafin alherinsa ba. Mun yarda cewa abin da tsuntsu ya ci a gonar musulmi sadaka ne, to jan-baki kaɗai ya isa ya cika wa wannan bawan Allah mizani, balle mutanen da suka ci.

Ɓangaren iyali shi ne ake ganin kamar ba a tauye shi, tunda a kan faɗi ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Ƙidaya ce wannan, ba labari ba. Ba a faɗin shekarar da ya sayar da riɗin da ya ajiye don iri ya biya wa yaro kuɗin makaranta a Gadarif. Ba a faɗin yadda ya riƙe 'ya'yan ƙanensa bai bambanta su da nasa ba, ko yadda ya yi ta ɗaga tafiya hajji, wadda ita ce ta fito da kakansa daga gida, saboda kullum akwai aure ko rashin lafiya ko bashi a gabansa. Mutanen da Bahar Maliya ke kusa da su haka, da yawansu sun mutu ba su tsallaka ba. Ba a kuma faɗin inda ya gaza, da zafin ransa, da 'yar da ya aurar ba da son ranta ba. Ban ce a tona wannan a bainar jama'a ba, amma jikokin da aka ba su waliyyi a maimakon kaka ba abin da za su koya daga gare shi. A shekarun nan na ƙarshe ma gidansa ya sake cika. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Madani a Disambar wannan shekara, Gadarif ta zama mafakar ɗimbin jama'a, 'ya'yan da suka tafi birni suka dawo da nasu 'ya'yan, rumbun tsoho ne ya ciyar da su.

Yaƙin nan ya kuma nuna cewa jiran hukuma ta adana mana tarihi ɓata lokaci ne. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda muryoyin su A'isha Falatiya suke ajiye, ya kusan shekara a hannun mayaƙa kafin soja su karɓe shi a Maris ɗin 2024. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Idan abin da aka killace a babban birni bai tsira ba, wa zai zo Gedambaliya neman waƙar gayya? Jami'ar Gadarif da sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello suna da rawar da za su taka, kuma abin kunya ne a ce ɗalibai na ta maimaita nazari a kan mawaƙa goma da aka riga aka sani alhali ga fage guda ba a taɓa ba. Amma kafin su motsa, aikin na gida ne. Kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya, kuma saƙon murya na WhatsApp ya riga ya zama wasiƙarmu tsakanin Gadarif da Kano da Jidda. Jika ya zauna kusa da kaka bayan sallar isha, ya ce: Baba, wa ya fara zuwa nan a gidanmu? Ta wace hanya? Gonar farko a ina take, wa ke iyaka da ita? Wace waƙa kuke yi ranar gayya, wa aka yi wa ita? Idan muryar ba ta iya rerawa, ya faɗa da baki. A tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu a garuruwa daban-daban, saboda waya na faɗawa ruwa.

Inda kuwa tsohon ya riga ya tafi, a je wurin Inna, matarsa, tun tana da ƙarfi. Maza ne ke zama a rumfar makoki suna ba da shaida, amma ita ce ta san shekarar da aka ci bashin shail da shekarar da aka gama biya, ita ta san buhu nawa ya shigo da buhu nawa ya fita, kuma waƙoƙin da 'ya'ya maza suke cewa ba su taɓa ji ba, galibi ta haddace su tun tana amarya.